Fargabar da Ta Kore Ni Daga Arlit

A Agadas na fara gane cewa harshe ɗaya ba ya sa a zama 'yan gida ɗaya. Jandarman da ya karɓi takarduna a bakin gari Hausa yake yi tsaf, har ta fi tawa daɗin ji, amma da ya ga inda na fito sai fuskarsa ta sauya.

"Ɗan Najeriya," ya ce. "Ku da kuka yanke mana wuta, kuka rufe mana iyaka, yanzu kuma me kuka zo nema?"

Na ce masa ni mai walda ne daga Funtuwa, ban taɓa riƙe makunnin wutar kowa ba, ta gidana ma sai ta ga dama take zuwa. Bai yi dariya ba. Ya sa na zazzage jakata a ƙasa, ya riƙa juya kayan aikina da bakin takalminsa, ya tsayar da ni a rana har motar da ta kawo ni ta gaji da jira ta shige gari ta bar ni.

Sunana Haruna. Na baro matata Hadiza da 'yarmu Ummi a gida saboda shagona ya mutu a tsaye: wuta ba ta zuwa, man janareta kuma ya fi ƙarfin abin da aikin yake kawowa. Wani direba da nake yi wa gyara ne ya ce mini akwai wani Alhaji Mamman a Arlit da ke neman mai walda, wanda zai riƙa haɗa wa masu haƙar zinariya tankunan ruwan da suke shiga hamada da su. Shi ya haɗa mu a waya, Alhajin ya ce in taho.

A tashar Agadas wani ɗan kamasho ya sayar mini da kujerar gaba, ya rantse da Allah kusa da direba zan zauna. Da lokacin tashi ya yi sai na neme shi na rasa, yaron mota kuma ya nuna mini saman buhunan gero a bayan wata babbar mota ya ce, "Hau ko ka kwana nan." Na hau. Waɗanda ke saman duk sun naɗe fuskokinsu da rawani, ba wanda ya amsa sallamata da kyau. Hanyar kuwa sunan kwalta kawai gare ta, direba ya fi bin gefenta a kan binta. Muka wuce Ciro, inda hayaƙin tashar wutar kwal ke tashi, daga nan sai duwatsu baƙaƙe da fili wanda ido ba ya iya kai ƙarshensa. Ni da na tashi a ƙasar auduga da masara, ban taɓa sanin ana iya yin tafiyar yini ba a ga bishiyar da za a fake a ƙarƙashinta ba.

Abin da ya fara tarbar idona a Arlit wasu tsaunuka ne masu shafaffen kai a bayan gari. Na ɗauka halitta ce. Daga baya na ji ƙasar da aka fitar daga ramukan ma'adinin yuraniyom ce aka tara shekara da shekaru. Garin kansa na same shi a ƙuntace. An rufe ramin ma'adinin Akokan da ke gefen gari, aiki ya ja baya a sauran wuraren, ga magidanta zaune a inuwar katanga ba abin yi, da yawansu kuma sun iya walda fiye da yadda ake tsammani, don a kamfanin haƙar ma'adinin suka koya. Cikin irin wannan hali aka kawo baƙo daga wata ƙasa aka ba shi aiki. Ban san haka ba sai da na shiga.

Alhaji Mamman mutumin Tawa ne, gajere mai kaurin murya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne wanga mai walda? To, nan ba a zama. Ga ɗaki can baya, ga aiki nan gaba." Ɗakin kuwa na langa-langa ne a ƙuryar garejin, rabinsa cike da tsofaffin tayu. Babban ma'aikacinsa Ila ne, ɗan Damagaram, wanda ya so a ɗauki ƙanensa a gurbin da aka ba ni. Tun ranar farko bai kira ni da sunana ba. "Ɗan Najeriya, ɗauko wancan." "Ɗan Najeriya, a garinku haka ake ɗinkin ƙarfe?"

Aikina bai ba shi abin kushewa ba, don haka ya nemi wata ƙofar. Wata rana ina yanka wani ƙaton bututu da aka sayo a wajen masu gwangwan, ƙurar tsatsa ta rufe mini hannu da fuska, sai ya zo ya tsaya nesa da ni yana murmushi.

"Ka san daga ina wannan ƙarfen ya fito?"

Na ce a'a.

"Daga ramin kamfani. Irinsa ba ya wari, ba ya zafi, amma yana shan jinin mutum a hankali. Shi ya sa mu ba ma taɓa shi. Jira muke a kawo mana baƙo."

Sauran suka fashe da dariya. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba ko tsokana ce. Magana ce da ake yi a garin, wasu suna tsoron irin wannan ƙarfe da gaske, wasu kuma sun yi ƙofofin gidajensu da shi. Wani zai ji ya yi tsaki ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa maganar ta shige ni ta zauna.

Dama can ni mutum ne mai saƙe-saƙe. Tun ina yaro, in mahaifina ya yi jinkirin dawowa daga kasuwa, kafin ya iso na riga na binne shi a zuciyata na yi zaman makoki. A gida ana ɗaukar haka hali ne kawai, ana cewa Haruna akwai sa abu a rai. A Arlit halin ya samu fili. Na fara duba dasashina a madubin mota in ga ko ya yi fari. In na yi tari sai in duba tafin hannuna. In na kira Hadiza ba ta ɗauka ba, kafin ta sake kira na ga gobara, na ga Ummi a rijiya, na ga komai. Barci ya zama gutsi-gutsi. Wuyana da kafaɗuna kullum a ɗaure kamar na kwana ɗauke da buhu. Abinci ya daina shiga, sai shayin Buzaye mai ɗaci da nake ɗirka tun safe don in iya tsayuwa.

A wajen mai shayin ne kaɗai na sami wanda ke amsa gaisuwata da sakin fuska. Baba Aghali, wani dattijon Buzu ne da ya yi shekaru yana aiki a ramin Akokan, yanzu yana dafa shayi a ƙofar garejinmu, yana tari mai zurfi wanda kan sa ya dafa bango. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Yakan ce, "Matarka ya kira? Yarinya ya samu lafiya?" Shi kaɗai ke tambayata wannan a duk faɗin garin.

Ranar da abin ya fara kama ni da ƙarfi, da hantsi ne, ina kwance a ƙarƙashin wata tanka ina ɗinke gindinta. Ba abin da ya faru. Ba wanda ya yi mini magana. Kawai sai na ji zuciyata ta yi wani tsalle, ta kama bugu kamar ana dukan ƙofa. Numfashina ya ƙi kai ƙasa. Yatsuna suka mutu, zufa mai sanyi ta keto mini, garejin ya yi mini nisa kamar ina kallonsa ta cikin kwalba. Ban yi shakka ba ko kaɗan: mutuwa ce ta zo, ƙarfen ya gama aikinsa. Na yar da abin walda yana tartsatsi, na rarrafo waje ina kalmar shahada da ƙarfi.

Suka taru a kaina. Wani ya watsa mini ruwa. Ina jin muryar Ila a sama yana cewa, "Ƙwaya ce. Na san irinsu, da ita suke karyawa."

Alhaji Mamman ya zo ya tsaya. "Mi ya same ka?"

"Alhaji, mutuwa zan yi. Zuciyata za ta fashe. A kai ni asibiti."

Maimakon asibiti sai ya sa aka laluba aljihuna a gaban kowa, aka shiga ɗakina aka ɗaga katifa. Ba su sami komai ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, kafin su gama binciken, abin ya fara sakina da kansa. Bugun ya sauka, numfashi ya dawo, na tashi zaune jiƙe sharkaf, lafiyata ƙalau a idon duk mai kallo.

"Ka gani ko?" in ji Ila. "Mai mutuwa ya tashi."

Washegari na je asibitin unguwa da ƙafata. Ma'aikacin da na samu ya auna jinina, ya soki yatsana ya duba zazzaɓin cizon sauro, ya sa abin sauraro a ƙirjina. Layi ya yi masa tsawo, ransa a ɓace yake. Ya ce, "Ba ka da komai. Ga masu ciwon gaske suna jira, tashi ka ba su wuri." Na fito da kalmar nan tana yi mini nauyi fiye da ciwon. In ba ni da komai, to mene ne ya kayar da ni jiya? Sai zuciyata ta ba ni amsa: ciwon ƙarfen ne, shi ya sa awo ba ya ganinsa.

Daga nan na shiga hannun masu cin kasuwar tsoro. Wani mai tallan magani a kasuwa ya ba ni wasu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ya ce na wanke dafin ma'adini ne. Gudawa suka sa ni har ƙafafuna suka daina ɗaukata. Aka kwatanta mini wani mutum a unguwar bukkoki da ke bayan gari, wai yana fitar da aljanun rami. Ya rufe ni da bargo a kan kaskon hayaƙi, hayaƙin ya shaƙe ni, abin ya taso mini a wurin, shi kuma ya riƙa tsula mini bulala yana cewa aljanin ne ke ihu ba ni ba. Ya karɓe wayata mai kyau a matsayin abin sadaka, na koma riƙe wata ƙarama mai fasasshen gilashi.

Abin ya riƙa dawowa, ba ya sallama, ba ya duba wuri. Amma abin da ya fi cinye ni shi ne jiransa. Na daina shiga ƙarƙashin mota. Na daina shiga cikin tanka, alhali rabin aikin a ciki yake. Na daina shiga tsakiyar kasuwa, sai in tsaya a baki in sayi abin da hannuna ya kai. Duk inda na shiga, ƙofa nake fara nema da ido. Duniyata ta yi ta tsukewa har ta koma tsakanin ɗakin tayu da bencin Baba Aghali. Hadiza kuwa ban gaya mata komai ba. In ta ce muryata ta sauya sai in ce layin ne ba kyau.

Sai wata Juma'a. Na saba tsayawa a sahun waje, amma ranar na zo da wuri, jama'a suka turo ni har cikin masallaci, aka cika bayana maƙil. Liman yana cikin huɗuba na ji tsallen nan a ƙirjina. Na duba dama, mutane. Na duba hagu, mutane. Ƙofa tana can nesa kamar bakin rijiya ga wanda ke ƙasa. Na yi ƙoƙarin daurewa, na karanta duk abin da na sani, amma jikina ya riga ya yanke hukunci. Na miƙe na fara tsallake kafaɗun mutane, na taka wani, na ture wani, na fito da gudu. A ƙofa na zura ƙafa cikin takalman da na fara samu, ban ko duba ba.

"Ɓarawo!"

Murya ɗaya ce ta fara, sauran suka ɗauka. Ban yi nisa ba aka shaƙo wuyan rigata ta baya. Mari ya sauka, sai ƙafa, sai wani abu mai nauyi a bayana. Ina ƙasa ina cewa ba ni da lafiya, da suka ji harshena sai wani ya ce, "Ɗan Najeriya ne ma!" dukan ya ƙaru. Na ga wani saurayi ya ɗago dutse da hannu biyu. Wallahi a lokacin abin da na ji har da wani irin sauƙi, don ga mutuwar da nake ta jira ta zo da fuskar da kowa ke iya gani.

Baba Aghali ne ya ratsa su. Bai da ƙarfin ture kowa, tari ma ya hana shi magana da farko. Kawai ya zo ya zauna a kaina, ya baza babbar rigarsa ya rufe ni, ya ɗaga sandarsa.

"Wanda zai jefa, ya jefa ni," ya ce da ya samu numfashi. "Wannan yaro ba ɓarawo ba. Ciwo gare shi. Ku duba takalmin da ya bari, ya fi wanda ya ɗauka."

Wani ya je ya duba, ya dawo da takalmana na aiki masu kauri. Na ƙafata kuwa silifa ne, wari da wari ma ba iri ɗaya ba. Aka fara janyewa ana gunaguni. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Wanda ya ɗago dutsen ya yar da shi ya koma sahu, don an tayar da salla.

Kafin la'asar labari ya riga ni isa gareji. Na tarar da jakata a ƙofa. Alhaji Mamman bai bari na buɗe baki ba.

"Ko ɓarawo kake, ko mahaukaci, ko ɗan ƙwaya, duka ukun ba ni buƙata. Ka tahi."

"Alhaji, ka saurare ni, ranka ya daɗe."

"Ka tahi, na ce."

Ila yana tsaye a bayansa, ƙanen Ilan kuma har ya sa gilashin waldata a goshi.

Baba Aghali ya tafi da ni gidansa a Akokan, cikin wasu gidajen ma'aikata da yawancinsu an kulle an watse. Matarsa ba ta jin Hausa, ba ta kuma yi murna da zuwana ba, na ga haka a yadda take dangwarar da kwano. Amma ta gasa mini bayana da ruwan zafi, ta ba ni fura da cuku. Da na ɗan warware, dattijon ya ce akwai wani likita da ke zuwa daga Agadas lokaci-lokaci yana duba masu ciwon kai, yana nufin ƙwaƙwalwa. Na ce masa ni ba mahaukaci ba ne. Ya ce, "An duba jini, an duba aljani. Saura ina?" Na yi fushi, na yini ban yi masa magana ba. Da ranar zuwan likitan ta yi, na bi shi, don ba ni da wani wurin zuwa.

Likita Isufu mutumin Maraɗi ne, dogo, mai gajiyayyun idanu. Ba shi da fara'a, bai kuma lallashe ni ba. Amma shi ne mutum na farko da ya ce, "Faɗa mini yadda yake zuwa, daga farko," sannan ya saurare ni har na gama. Da na gama sai ya shiga tambaya. Yana zuwa ne in wani abu ya tsorata ni, ko haka kawai? Na ce haka kawai. Yana hawa a hankali ne ko farat ɗaya? Na ce farat ɗaya, kafin a sha kofin shayi ya kai ƙarshen ƙarfinsa, sannan ya sauka ya bar ni kamar wanki. Tsakanin zuwa da zuwa fa, me nake yi? Na ce jiransa nake. Akwai wuraren da na daina zuwa saboda shi? Na lissafa masa. Ya tambayi barcina, da cin abincina, da shayin da nake sha, da ko ina shan wani abu don ƙarfin aiki, ya ce in faɗi gaskiya ba jandarma ba ne shi. Ya tambaya ko na taɓa tunanin kashe kaina. Na ce a'a, ni da ke gudun mutuwa. Ya tambaya ko saƙe-saƙen nan a Arlit ya fara. Na ba shi labarin mahaifina da kasuwa.

Bai yanke magana a ranar ba. Ya ce akwai cututtukan jiki da ke yin kama da wannan, dole a fara kore su. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta zana bugun zuciyata. Aka ɗebi jini a duba ko ya yi ƙasa, da kuma wani ƙullutu da ke maƙogwaro wanda in ya yi aiki fiye da kima yakan sa zuciya gudu. Aka ɗauki hoton ƙirjina. Da na koma ya baza sakamakon a gabansa, na riga shi magana.

"Na sani, Likita. Ba ni da komai."

"Wa ya ce maka? Zuciyarka lafiya, huhunka lafiya, jininka lafiya. Amma kana da ciwo, kuma yana da suna. Ciwon fargaba ne."

Na ce fargaba ai ba ciwo ba ce, kowa yana yi.

"Kowa yana yi," ya ce. "In kura ta biyo ka, dole zuciyarka ta buga, numfashinka ya yi sauri, don ka tsira. Allah ne ya sa mana wannan. Naka yana tashi ne ba kura. Da haka muke gane ta zama ciwo: in ta fi ƙarfin dalilinta ko ta zo ba dalili, in ta daɗe wata da watanni ba ta tafiya, in mutum ya kasa tsayar da ita, in kuma ta fara hana shi aiki da barci da shiga mutane. Kai duka ka haɗa. Saƙe-saƙen ka daɗe da shi. Wannan mai kayar da kai kuwa firgici ne da ke tasowa a kansa. Yana da azaba, amma ba ya tsayar da zuciya."

"To ƙarfen fa?"

Ya ce, "Ba zan ce maka tsoron ƙurar garin nan wauta ba ne. Wanda ya kawo ka ma ka ji ƙirjinsa. Ka riƙa rufe hanci in kana yanka, ka guji ƙarfen da ba ka san asalinsa ba. Amma abin da ke kayar da kai ba shi ba ne. Da a Funtuwa aka matse ka haka, da can ma zai same ka."

Na tambaye shi ko hauka ne. Ya ce mahaukaci ba ya zuwa ya ba da labarin ciwonsa dalla-dalla haka. Na tambaye shi ko raunin imani ne, don an faɗa mini haka. Ya ce yana da limamai a cikin masu zuwa wajensa, in ci gaba da addu'ata in kuma sha magani, ba sa faɗa da juna.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. An doke ni a ƙofar masallaci ban yi kuka ba, sai a gaban mutumin da ko murmushi bai yi mini ba.

Ya rubuta mini maganin da ake sha kullum, ya ce ba ya aiki sai an yi makonni, kada in yar da shi in na ga shiru, kada kuma in daina shi kwatsam in na ji sauƙi. Ya hana ni shayi mai ɗaci. Ya koya mini yadda zan ja numfashi ta hanci a hankali in sake shi a hankali fiye da yadda na ja. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne na ƙarshe: ya ce in abin ya taso kada in gudu, in tsaya a inda nake har ya wuce, don duk gudun da na yi ƙara masa girma nake. Ya ce in samu likitan wannan fanni in na koma gida.

Na ƙara zama a Akokan har maganin ya fara kama ni. Na nemi aiki a gareji biyu, duka an riga an ji labarina. A ɗayan mai wurin ya ce, "Kai ne mai takalman masallaci?" yaransa suka yi ta dariya. Na gane Arlit ta gama da ni. Na gyara wa matar Baba Aghali ƙofar gida da murhunta da kayan aro, ranar da zan tafi ta ƙulla mini dabino ba ta dube ni ba. Shi kuma ya raka ni tasha, ya riƙe hannuna ya daɗe, tari ya hana shi faɗin abin da ya so faɗa, sai ya ɗaga mini sanda kawai.

Wannan karon cikin mota na samu wuri, a kujerar baya, an matse ni tsakanin taga da ba ta buɗewa da wani ɗan kasuwa mai jiki. Mun yi nisa cikin filin nan da ba kowa, rana tana tsaka, sai na ji tsallen. Ya zo da duk rundunarsa, bugun, da shaƙewar, da mutuwar yatsu. Bakina ya buɗe da kansa na ce, "Direba, tsaya."

"A nan? Ba a tsayawa a nan," ya ce, bai ko waiwayo ba.

Ɗan kasuwar ya ja jikinsa. "Kai, in amai za ka yi, kada ka ɓata mini riga."

Na ce masa, "Ba amai ba ne, Alhaji. Ciwon fargaba ne. Yanzu zai wuce."

Ya yi tsaki ya juya kai. Na dafa kujerar gabana, na ja numfashi ta hanci, na sake shi a hankali. Zuciyata tana ce mini wannan karon da gaske ne, wannan karon mutuwa ce. Na bar ta tana faɗa. Zufa ta jiƙa mini riga. Ya hau, ya hau, ya kai inda yake kaiwa, ya tsaya, sannan ya fara sauka. Da na ɗago, motar tana tafiyarta, wata mata tana ba ɗanta nono, ɗan kasuwar har ya fara gyangyaɗi. Ba wanda ya san an yi yaƙi a kujerar baya.

Da muka isa Agadas na nemi inuwa a bayan tasha na kira Hadiza. Na gaya mata komai, tun daga ƙarƙashin tanka har ƙofar masallaci, har sunan da likita ya ba abin. Na ce mata aikin ya tafi, ba na tafe da komai sai magani, kuma likita ya ce ciwon ba ya barin mutum rana ɗaya. 

"Baban Ummi," ta ce, "wata nawa kana ce mini layi ne ba kyau?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa:

"To ka taho gida da shi. In ya taso, a gabana zai taso."